Manhajar zaɓen hanyar tafiyar ƙafa: taswira ta yi, shawararta kuwa sai a hankali

Abu guda ya sa na biya kuɗin shekara na wannan manhaja, wato sashen da ke zaɓa maka inda za ka yi tafiyar ƙafa ta kwana da kwanaki, jaka a baya, gwargwadon lokacin shekara. Ka danna kaka ko hunturu, ta jero maka wurare. Da farko wallahi ta burge ni. Taswirar na aiki ko babu intanet, ba ta cin batir, hawa da gangara duk tana nunawa. Har na yi niyyar ba ta tauraro huɗu.

A jerin kaka ita ta ba mu, ni da abokina, Hanyar Lisiya da ke kudu maso yammacin Turkiyya, wadda ta taso daga wajen Fethiye ta nufi Antaliya, sama da kilomita 500, an yi mata alama da fenti ja da fari a kan duwatsu. Zaɓin kansa ba laifi. A Yuli da Agusta zafin wurin ba ya taɓuwa, Oktoba kuwa iska ta yi daɗi, ga teku a gefenka.

Ruwa ne ya ɓata komai. Manhajar ta zuba alamomin maɓuɓɓuga a kan hanya, ka ga shuɗin ɗigo nan, ka ga wani can, sai muka ɗauki ruwa daidai abin da zai kai mu na farko. Muka isa da azahar, famfo ne a jikin dutse, na murɗa, ko ɗigo. Busassun ganye sun cika kwamin da ke ƙasansa, ƙasar ciki har ta tsage. Muka ce na gaba. Na gaban tsohuwar rijiyar tara ruwan sama ce mai rufin dutse, na leƙa da tocila, ruwan na can ƙasa, kore shar, ba guga ba igiya. Abokin tafiyata ya daina magana gaba ɗaya, ni kuma harshe ya manne a ganɗa, ga jaka ta danne kafaɗa, ga rana na shirin faɗuwa wajen ƙarfe shida. Allah ya haɗa mu da wani makiyayin awaki, ya cika mana gora ɗaya daga jarkarsa, da hannu ya nuna mana hanyar ƙauye. Allah ya saka masa.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Da hunturu yankin yake samun ruwan sama, watannin zafi kusan babu, saboda haka a farkon kaka ne maɓuɓɓugai suka fi ƙafewa. Wanda ya sa maka wuri a jerin kaka ai shi ya kamata ya fara faɗa maka haka. Ko ranar da aka tabbatar akwai ruwa ba su rubuta a jikin alamar ba. Na tura wa masu manhajar koke, amsar na'ura ta dawo, wai suna godiya da ra'ayina.

Da na dawo na bi sauran jerin da idon basira, nan raina ya ƙara ɓaci. Zagayen tsaunin Mont Blanc, kimanin kilomita 170 ta Faransa da Italiya da Suwizalan, yana cikin jerin kaka, alhali yawancin masaukan kan dutse suna rufewa tun wajen tsakiyar Satumba. Tsaunin Tubkal na Maroko, mita 4,167, an sa shi a hunturu, ba a ambaci ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi don taka ƙanƙara ba, balle ɗan jagoran da hukuma ta wajabta. Hasashen yanayin ma na garin da ke gindin dutse take nunawa, ga shi duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5. Wanda ya sayi jakar barci da wannan lissafi zai kwana yana karkarwa.

Tauraro biyu na ba ta, su ma don taswirar. Mai son gwadawa ya shiga saiti ya kashe sabunta biya tun ranar farko, don sun ɓoye maɓallin can ciki, sai da na sha nema.