Mao ko Deng: Wa ya fi ɗaga ƙasar Sin?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ya fi yi wa Sin aiki tsakanin tsoffin shugabanninta biyu, Mao Zedong da Deng Xiaoping. Ni dai ina bayan Deng, amma ba zan tauye Mao ba.

Mao ya karɓi ƙasar da yaƙin Japan da na basasa suka ɗaiɗaita, ya shelanta sabuwar jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, 1949. A zamaninsa dokar 1950 ta hana auren dole, aka yaƙi jahilci, aka baza ma'aikatan lafiya a ƙauyuka. Sin ta gwada bam ɗin nukiliya a 1964, ta harba tauraron ɗan'adam a 1970, ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971.

Sai dai talaka ya ji a jikinsa. Daga 1958 aka tara manoma a gonakin gwamnati, aka sa su narka ƙarfe a tsakar gida, hatsi na lalacewa a gona. Jami'ai suka riƙa ƙara gishiri a lissafin amfanin gona, gwamnati kuma ta kwashi kasonta bisa wannan ƙaryar. Yunwar da ta biyo baya ta kashe miliyoyin mutane. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai. Daga 1966 kuma aka shiga juyin al'adu na shekara goma, makarantu suka tsaya, ɗalibai suka wulaƙanta malamansu.

Deng kansa sau biyu aka tuɓe shi a wancan rikicin. Da ya dawo kan muƙami a 1977, bayan mutuwar Mao, sai aka maido da jarrabawar shiga jami'a. A ƙarshen 1978 manoma 18 na ƙauyen Xiaogang suka dangwala yatsa a ɓoye, suka raba gona a tsakaninsu: a ba gwamnati nata, saura na mai noma. Ba a ɗaure su ba, daga baya ma tsarin ya game ƙasa. A 1980 aka buɗe garin Shenzhen ga jarin waje. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga ƙangin talauci cikin shekara 40.

Shi ma da tabonsa: dokar haihuwar ɗa ɗaya, da sojojin da suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Beijing a Yunin 1989. Kuma ka tuna, ma'aikatan da suka cika masana'antun Shenzhen na farko a makarantun zamanin Mao suka koyi karatu.