Dira da laima ga ɗan shekara 16: yadda na ga aikin wata cibiya a Ingila

Cibiyoyin koyar da dira daga jirgin sama da ke ƙarƙashin ƙungiyar British Skydiving suna karɓar matashi daga shekara 16, bisa sharaɗin cewa duk wanda bai cika 18 ba sai mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko waliyyinsa ya sa hannu a takardar amincewa. Ɗana ya yi dirarsa ta farko a ɗaya daga cikinsu bayan ya cika waɗannan shekaru, kuma ni ne na sa masa hannu. Saboda haka ma'aunin da na ɗora aikin cibiyar a kansa shi ne yadda ta ɗauki wannan sa hannun, da yadda ta kula da yaron da aka danƙa mata amanarsa.

Ya kamata iyaye su fara sanin cewa shekara 16 ba ƙa'idar duniya ba ce. A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ba ta yanke shekaru ba, amma ƙungiyar masu dira da laima ta USPA, wadda yawancin cibiyoyin ƙasar ke bin ƙa'idojinta, ta tsaya a kan 18, kuma yardar iyaye ba ta sauya wannan. Babban dalilin kuwa na shari'a ne, domin kotunan jihohi da dama ba su yarda uba ya yafe wa kamfani haƙƙin ɗansa na kai ƙara idan ya ji rauni ba. A Faransa ana karɓar ɗan shekara 15 da izinin iyaye, a Ostareliya kuma akwai cibiyoyin da ke ɗaukar ɗan shekara 12 idan zai dira a ɗaure da malami. Wannan bambanci ya nuna mini cewa adadin shekarun ya fi alaƙa da shari'a da inshora fiye da hankalin yaro, don haka nauyin tantance ko ya isa yana wuyan iyayensa.

Ta fuskar tantancewa, cibiyar ba ta yi wasa ba. Sun aiko da takardu tun kafin ranar, sun nemi fasfon yaron domin su ga ranar haihuwarsa da idonsu. Takardar lafiya ta yi tambaya a kan farfaɗiya, da asma, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da gocewar kafaɗa, kuma wanda yake da ɗaya daga cikinsu yawanci sai ya kawo shaidar likita. Ina roƙon iyaye kada su ɓoye komai a nan don gudun ɓata wa yaro rai, domin kafaɗar da ta taɓa gocewa tana iya sake gocewa a cikin iska mai ƙarfi.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne malamin da aka haɗa shi da shi. Bayan an gama bayani ga kowa da kowa, sai ya ja yaron gefe inda ba na jin su, daga baya na samu labari cewa tambayarsa ya yi ko shi da kansa yake so, ko kuwa abokai ko wani a gida ne suka matsa masa, kuma ya tabbatar masa cewa yana da damar fasawa ko da jirgi ya riga ya tashi. Ɗana siriri ne, don haka malamin ya ɗauki lokaci wajen ɗaura masa ɗamara: ya ja igiyar ƙirji, ya ja na cinyoyi, ya sa shi ya tsuguna ya miƙe, ya zura yatsu ƙarƙashin igiyar kafaɗa ya ga akwai sarari, sai ya kwance ya sake ɗaurawa. Daga nan ya sa shi ya zauna a ƙasa ya ɗaga ƙafafunsa sama ya riƙe su, ya maimaita har ya gamsu, domin wanda ya saki ƙafa ƙasa lokacin sauka shi ne ke karya idon sawu. Da yaron ya dawo wurina sai ya ce, “Baba, igiyar nan ta matse ni sosai,” ni kuwa jin hakan daɗi ya yi mini.

Kayan aikin su ne waɗanda aka saba da su a dirar mutum biyu, wato irin wadda ɗana ya yi, inda ake ɗaure ɗalibi a jikin malami su dira tare. Ƙugiya huɗu ke haɗa ɗalibi da malami, akwai babbar laima da ta ko-ta-kwana, akwai kuma na'urar da ke buɗe ta biyun da kanta idan an iso wani tsayi ana faɗowa da gudu ba a buɗe komai ba. Ana fita daga jirgi a tsayin ƙafa 10,000 zuwa 15,000, ana faɗowa da gudun da ya kai kimanin kilomita 200 a awa, sannan a buɗe laima a wajen ƙafa 5,000. Mun yi dogon jira saboda gajimare, kuma ban ga laifinsu a kan haka ba.

Inda suka gaza shi ne wajen iyaye. Ma'aikaciyar da ta karɓi takardar gurbin sa hannu kawai ta duba, ba ta tambaye ni ko na fahimci abin da na amince da shi ba, kuma babu wanda ya gayyace ni zaman bayanin sai da na nema da kaina. Sai da na yi tambaya aka bayyana mini cewa inshorar da ke cikin kuɗin rajista tana biyan ɓarnar da mai dira ya yi wa wani ne, ba ta biyan raunin da shi kansa ya ji. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa uba baki da baki kafin ya ɗauki alƙalami.

Abu na biyu ya fi ɓata mini rai. Yaron bai gama cire ɗamara ba, jikinsa na rawa don murna, aka miƙa masa takardar tallan kwas ɗin AFF, na koyon dira kai kaɗai, tare da ragin kuɗi. A wannan kwas ɗalibi yana fita daga jirgi da laimarsa, malamai biyu na riƙe da shi a matakan farko, amma da zarar laima ta buɗe shi kaɗai ne, sai muryar rediyo da ke yi masa jagora, kuma idan laimar ta sami matsala shi ne zai yanke shawarar sakinta ya buɗe ta biyu cikin 'yan daƙiƙu. Ƙa'ida ta halatta wa ɗan shekara 16 wannan da izinin iyaye, amma shawara ce dabam da ta dirar mutum biyu, kuma da ni ya kamata a fara yin ta, a wata rana ta daban.

Zan iya ba da shawarar wannan cibiya ga iyayen da matashinsu ya nemi dirar mutum biyu da bakinsa, muddin sun karanta takardun a gida, sun halarci zaman bayanin, sun kuma nemi inshorar rauni ta daban idan suna buƙata. Ga yaran da ba su kai 16 ba akwai ramin iska na cikin gini irin na iFLY, wanda ke karɓar ƙananan yara, inda ake koyon daidaita jiki a iska ba tare da hawa jirgi ba. Kwas ɗin AFF kuwa ban sa hannu a kansa ba, na ce wa ɗana mu bar maganar sai ya cika 18.