Hattara da kwalejojin lafiya na bogi: ku tambayi lambar indes kafin ku biya ko sisi

Jama'a, assalamu alaikum. Na ga tallar sayar da fom ta sake cika rediyo da WhatsApp, kowace kwaleji tana rantsuwa ita ce mai cikakkiyar rajista. Na daɗe ina danne wannan magana don kunya, amma shirun ba zai dawo mana da komai ba.

Ɗiyar yayata ce abin ya faɗa wa. Sau biyu tana neman makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati ba ta samu ba, kun dai san yadda gurbin yake. Sai wata maƙwabciya ta kawo labarin wata sabuwar kwaleji a bayan gari: babu jarrabawar shiga, kuɗi a biya kaɗan-kaɗan, wadda kiredit ɗinta bai cika ba ma wai ta fara, ta cike daga baya. Yayata ta ɗauki kuɗin adashinta, ta haɗa da na awaki biyu. Ni na raka su, ni da ake ganin na yi boko a gidan, kuma wannan shi ke cina har yau.

Gidan haya ne aka yi wa fenti, aka kafa allo babba a ƙofa. Mai makarantar ya tarbe mu da fara'a da ruwan sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, makarantar nan tana da rajista kuwa?" Ya yi murmushi ya nuna mini bango, ya ce, "Alhaji, ai gani ya kori ji." Takardu ne a jere cikin firam: ta CAC mai hatimi, wata wasiƙa daga ma'aikata, da hotonsa yana musabaha da wani babba. Na gyaɗa kai. Bai yi mini ƙarya ba a ranar, ni ne na yi tambayar da ba ita ba.

Takardar CAC rajistar kasuwanci ce kawai. Irinta ce mai gidan burodi da mai kamfanin fiyawata suke rataye da ita. Tana cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba ta cewa an ba shi izinin yaye ma'aikacin lafiya ko guda. Wasiƙar ma'aikatar kuwa, da na dawo na karanta ta a tsanake bayan shekara uku, abin da ta ce shi ne an karɓi takardarsa ta neman izini. An karɓa, ba an bayar ba.

Masu iko da wannan harka daban suke, kuma kowane kwas da uwar gijiyarsa. Difloma ta ND da HND tana hannun NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna. Digiri na NUC ne, hukumar kula da jami'o'i, NCE kuma na NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi. A ɓangaren lafiya akwai ƙarin mataki, domin satifiket kaɗai ba ya ba ka damar taɓa majinyaci, sai da lasisi. Aikin jinya da ungozoma lasisinsa na hukumar NMCN ne. CHEW da JCHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma, na CHPRBN. Masu aikin ɗakin gwaje-gwaje na MLSCN, masu haɗa magani na PCN. Makaranta tana iya samun izinin kwas ɗaya ta fake da shi ta buɗe biyar, don haka "muna da izini" ba amsa ba ce. Izinin wane kwas, daga wace hukuma, na ɗalibai nawa?

Yarinyarmu CHEW ta shiga, karatun shekara uku. A nan ne na fara jin kalmar da ya kamata in sani tun ranar farko: indes. Makarantar da aka amince da ita tana tura sunayen ɗalibanta ga hukumar tun farkon karatu, hukumar ta ba kowa lambarsa. Da wannan lamba ake zana jarrabawar ƙasa ta ƙarshe, da cin jarrabawar ake samun lasisi. Wanda ba shi da ita, a wurin hukuma bai taɓa shiga aji ba, ko da ya shekara goma yana ɗaukar lakca.

Shekarar farko aka ce ana kan aiki. Ta biyu aka karɓi kuɗin indes ɗin ma, tsaba, ba rasit, wai za a kai Abuja. An ɗinka musu yunifom, an yi bikin rantsar da su har da kanofi da masu hoto, an tura su wasu ƙananan asibitoci koyon aiki. Duk abin da ido ke gani an yi shi. Da aka shiga shekara ta uku lokacin jarrabawa ya matso, sai magana ta canza: za a haɗa su da wata makaranta a wata jiha su zana a can, a kawo kuɗin mota da na masauki. Aka kawo. Ranar tafiya ta zama gobe, gobe ta zama jibi, wayar mai makaranta ta daina shiga. Daga ƙarshe takardar shaida ya ba su mai tambarin makarantarsa. Asibitin farko da yarinyarmu ta kai tata, matar da ke duba takardu ko buɗe fayil ɗin ba ta gama yi ba ta ce, "'Yata, ina lasisinki?"

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wuyar ganewa, domin makarantar ta gaskiya ce. Hukuma tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Mai haɗama sai ya zarce adadin. Waɗanda suka shiga cikin ƙa'ida su samu lamba, ragowar a riƙa lallaɓa su da "sai zagaye na gaba". Aji ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wasu ɗalibai ne wasu 'yan rakiya. Haka ma masu cewa suna ƙarƙashin wata jami'a ko reshenta ne. Ku je jami'ar da ƙafarku ku tambaya. NUC ta daɗe da haramta irin waɗannan rassa na bayan fage, kuma tana fitar da jerin jami'o'in bogi lokaci zuwa lokaci. In kuwa ND ne ko NCE ko digiri, gurbin da bai bi ta CAPS ba, wato manhajar ba da gurbin karatu ta JAMB, wadda aka fara amfani da ita a 2017, JAMB ba ta san da shi ba, kuma mai digiri ko HND ranar zuwa bautar ƙasa zai gane haka.

Kada wani ya ce abin na ƙauyawa ne. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta Umar Audu ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Waɗanda suka saya da gangan sun san abin da suka yi, amma guguwar ta haɗa har da yaran da suka yi zaman aji na gaskiya da kuɗin iyayensu. A gida ma, a 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu 26 da ba su da izini.

Rufewar ta yi kyau, amma ni ba ta burge ni sosai ba. Allon makarantar bogi ba a ɓoye yake ba, a bakin titi yake, jami'ai suna wucewa ta gabansa safe da yamma. Sai an yaye aji biyu ko uku sannan a zo da kwaɗo a garƙame ƙofa, a ɗauki hoto. Mai makaranta ya kwashe nasa, ɗalibi ya tafi da shekarunsa a hannu. Gidajen rediyon da ke karanta tallar ma ya kamata su nemi ganin takardar izini kafin su karɓi kuɗi. Wani abin tsoron kuma, wasu daga cikin waɗannan yara ba gida suke komawa ba. Kemis suke buɗewa a unguwa, suna allura da ƙarin ruwa, ana kiran su likita.

Ba duk kwaleji mai zaman kanta ce haka ba, akwai nagari da ke yaye yara masu lasisi kowace shekara. Irinsu ba sa jin haushin tambaya. Ku nemi takardar izinin ainihin kwas ɗin, ku ɗauki hotonta, ku duba sunan makarantar a shafin intanet na hukumar ko ku je ofishinta. Ku ce a haɗa ku da wanda ya gama a nan ya samu lasisi, ku gani da idonku. Kuɗi kuma a asusun banki mai sunan makaranta, ba na mutum ba, a riƙe rasit. Wanda ya riga ya shiga, shekara ta zagayo babu lamba, kada ya ƙara ko kwabo sai ya ji daga bakin hukumar. In ta tabbata an cuce ku, ɗalibi mai sayen hidima ne a idon doka: akwai FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai 'yan sanda. Ku tafi a ƙungiya da rasit ɗinku da hoton tallar da aka yaudare ku da ita. Mu rashin rasit ɗin nan ne ya karya mana gwiwa.

Yarinyar ta sake zana jarrabawar sakandare ta cike kiredit ɗinta, bana za ta nemi gurbi daga farko. Makon jiya na bi ta hanyar, na tarar an sake fentin gidan, an canza suna a allon, an rubuta ana sayar da fom.