Kwalbar zink da na saya saboda tsoron kansar hanji

Tun da kansar babban hanji ta ɗauke kawunmu bara, duk maganin da aka ce yana karewa sai na tsaya na saurara. Haka wani mai kemis a unguwarmu ya miƙo min kwalbar ƙwayoyin zink, wani sinadari da jiki ke buƙata kaɗan, miligiram 50 kowace ƙwaya, ya ce: "Hajiya, wannan rigakafi ne."

Ranar farko na haɗiya kafin karin kumallo. Ko minti ashirin ba a yi ba zuciyata ta fara tashi, bakina kamar na tsotsi tsabar kuɗi. Bayan abinci da sauƙi, gaskiya.

Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta juya kwalbar ta ce: "Yaya, mace miligiram 8 take buƙata a rana, namiji 11, kuma iyakar babba 40 ce." Wanda ya daɗe yana wuce wannan iyaka, hanjinsa kan kasa tsotse sinadarin tagulla, har jini ya ragu.

Maganar mai kemis tana da tushe: furotin p53, mai hana ƙwayar halitta da ta lalace ci gaba da hayayyafa, ba ya riƙe siffarsa sai da zink. Amma gwaji a kan ƙwayoyin halittar hanji a ɗakin bincike daban, jikin mutum daban.

Kwalbar tana nan kan firji, rabi saura. Na koma samun zink daga hanta, wake, riɗi da agushi, kuma likita ya rubuta min ranar leƙa hanji da na'ura.