Keken guragu ba shi ne labarin ba

Assalamu alaikum Yaya. Kin tambaye ni ko da gaske ne a Ingila kyauta ake ba da keken guragu. Haka ne, hukumar lafiya ta NHS na bayarwa, sai dai akan yi jira, wani sa'in har watanni. Amma ni ba keken ne ya ɗaure min kai ba.

Ran nan ina tsaye wajen danja a Landan, sai ga wani dattijo makaho da farar sanda, ba ɗan jagora. Na matsa zan kama masa hannu, ya yi godiya ya ce in barshi. Sai na ga ya zura yatsu ƙarƙashin akwatin da ake dannawa. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe a wurin da ke juyawa da zarar an ba masu tafiya a ƙasa hannu. Yana jin ya motsa ya haye abinsa, ya bar ni baki buɗe. Daɓen bakin titin ma da gangan aka yi shi gurji-gurji don ƙafa ta gane an iso. Hatta takardar fam 10 da ta 20 suna da ɗige-ɗigen da yatsa ke karantawa.

Bas kuwa, direba zai danna wani abu, faifan ƙarfe ya zaro daga ƙofar tsakiya ya sauka kan daɓe. Mai keke ya gungura ya shige, ba wanda ya cicciɓe shi, ba ya biyan ko sisi.

Aikina ma daga nan ya samu. Ƙaramar hukuma kan ba wanda ya cancanta kuɗi a hannu ya ɗauki mai taimakonsa da kansa. Matar da nake wa aiki ita ta yi min tambayoyi, ita ke tsara min lokaci. Ran farko na yi karambanin ɗaura mata takalmi ba ta ce ba, kallon da ta yi min har yau ban manta ba.

Kada ki ɗauka aljanna ce. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai mai keke zai shiga ba matakala, kuma cike takardun neman tallafi sai mai haƙuri. Dokarsu ta daidaito ta 2010 ce ke ba mutum bakin kai ƙara.

Mu ma fa a Najeriya muna da dokar kare haƙƙin naƙasassu. An sa mata hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin har ya wuce. Ke kika san matakala nawa aka rushe.

Keken yaronki yana nan tafe in sha Allah. Kafin ya iso, ki sa magini ya yi gangare a ƙofar gida da ta banɗaki, kuma idan ya fara turawa da kansa, don Allah ki naɗe hannunki.