Gudun fanfalakin Legas da tseren Dutsen Kamaru: wanne ke ɗaga wa marar atisaye ƙafa?

Ɗan'uwa, ka ce bara ka gama gudun fanfalaki na Legas ba tare da wani atisayen kirki ba: ka yi gudu inda ka iya, ka taka inda ka gaji, har ka kai ƙarshe aka rataya maka lamba. Yanzu ranka ya biya da tseren Dutsen Kamaru da ake yi a Buea, saura mako shida, kuma abin da kake yi bai wuce gudun kilomita 10 sau biyu a mako a kan kwaltar Kano ba. Tambayarka ita ce, tunda na dutsen kilomita 38 ne, na Legas kuwa 42, me zai hana ka lallaɓa kamar yadda ka lallaɓa wancan?

Don Allah kada ka shiga bana. Ba raina ƙoƙarinka nake yi ba, gama kilomita 42 a zafin Legas ba ƙaramin abu ba ne. Amma tseren nan biyu a tsawo kawai suka yi kama, kuma tsawon shi ne abu mafi ƙanƙanta a lissafin.

Fara da hawa. Hanyar Legas shimfiɗaɗɗiya ce, dab da bakin teku, ɗan tudun da za ka gamu da shi bai wuce na hawa gada ba. Na Buea kuwa daga filin wasa na Molyko ake tashi, a je ƙololuwar dutsen da ya haura mita 4,000, a juyo a dawo inda aka fara. Wato hawan sama da mita 3,000 ke nan cikin kilomita 19 kacal, sannan a sauko daidai wannan. Masu tseren duwatsu suna da wani lissafi na kusa-kusa: kowace mita 100 ta hawa ana ƙirga ta a matsayin kilomita ɗaya na fili. Idan ka yi wannan lissafin, kilomita 38 ɗin nan ya tasam ma 70. Agogo ma ya nuna haka. Zakarun Legas sukan gama cikin awa biyu da 'yan mintuna, zakarun Buea kuwa, waɗanda da yawansu a ƙasar duwatsu suka tashi, sukan ci wajen awa huɗu da rabi. Don haka duk awannin da ka yi a Legas, ninka su biyu, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda kai baƙon dutse ne.

Duk da haka hawan ba shi ne ya fi damuna ba. Mai zuciya irin taka zai iya hawa. Ba gudu ake yi a yawancinsa ba, hatta gwanaye takawa suke yi, hannu dafe da gwiwa, suna tura jiki sama. Za ka yi haki, sharaɓa za ta ɗau zafi, ka tsaya ka huta, ka ci gaba. Abin da ke karya marar atisaye ita ce gangara, kuma a nan ne Legas ba ta koya maka komai ba.

A kan kwalta, tsokar cinya tana tura ka gaba ne. A gangara aikinta ya juye, ta zama birki: tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jikinka, kuma kowane taku sai ta tare ninkin nauyin nan. Irin wannan aikin shi ne ke yayyaga zaren tsoka fiye da kowane. Ka tuna motar kaya a gangaren Hawan Kibo. Ba ƙarfin inji ake tambaya a wurin ba, birki ake tambaya, in ya yi zafi ya saki, direba sai kallo. Haka cinyar wanda bai saba gangara ba take yi. Da farko za ka ji daɗi, numfashi ya dawo, ƙafa tana tafiya da kanta. Bayan kamar awa ɗaya sai ka ji gaban cinya ya fara karkarwa. Ka ɗora ƙafa a kan dutse, ka umarce ta ta tsaya, sai gwiwa ta lanƙwashe ba da izininka ba. Babban yatsa yana dukan gaban takalmi a kowane taku har farcen ya tara jini. Daga nan mutum kan koma saukowa a karkace, ko da baya, ko a zaune yana jan gindi, ga sauran kilomita goma ko fiye a gabansa. Ƙasar da kake takawa kuma ba ta taimaka maka. Dutsen Kamaru mai aman wuta ne, ya yi aman a 1999 da 2000, saboda haka sama da dajin akwai baƙar tsakuwa mai zamewa da duwatsu masu kaifi da ke yanka tafin hannu in ka faɗi. Targaɗe da karaya a irin wannan tsere galibi a saukowa suke faruwa, lokacin da ƙafa ta gaji ta daina jin magana.

Sai iska. A Legas matsalarka zafi ne da gumin da ba ya bushewa, kuma wannan ka san shi, ɗan Kano ba baƙon rana ba ne. A dutsen kuwa yanayi uku za ka ratsa a yini guda. Ƙasa daji ne mai laima da ɗumi har zuwa ta farko cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar, wajen mita 1,800. Daga nan bishiyoyi su ƙare, a shiga ciyawa da tudu mai tsaye zuwa bukka ta biyu, wajen mita 2,800, sannan ta uku a sama da mita 3,700, inda babu abin da ke tare iska. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, saboda haka wanda ya baro Molyko a jiƙe da gumi zai iske sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu, ga iska tana kaɗa jiƙaƙƙiyar riga. Gwani yana wuce wurin nan da sauri, jikinsa bai huce ba. Marar atisaye shi ne ke daɗewa a can, yana tafiya a hankali, yana zama, jikinsa yana sanyi. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 a duwatsu, ruwan ƙanƙara da iska suka rutsa da su cikin guntun wando da 'yar shara, 21 suka mutu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙasar. In sanyi ya yi wa gwani haka, ina ga wanda ƙarfinsa ya riga ya ƙare?

Ga kuma ƙarancin iskar shaƙa. A mita 4,000, abin da kake samu a kowane numfashi bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ka shaƙa a Legas ba. Tun daga mita 2,500 wasu ke fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Wannan ba ruwansa da ƙarfin zuciya ko jarumta, kuma gudun kwalta a Kano ba ya shirya mutum a kansa.

Amma bambancin da nake so ka fi riƙewa shi ne: in abu ya ɓaci, ina za ka tsaya? A Legas, ranar da ƙafa ta ƙi, gefen titi za ka koma ka zauna. Ga jama'a, ga masu ruwa, ga motar asibiti, in ka ga dama ka hau mota ka koma masauki. Rashin atisaye a can lokaci yake ci maka, da ɗan jin kunya. A dutse, fasa tsere ba ya nufin ka gama tafiya. Wanda ya sare a bukka ta biyu sai ya sauko duk abin da ya hau, da ƙafafun nan da suka riga suka sare, ko kuwa ya jira a zo a ɗauke shi a wurin da mota ba ta zuwa. Dabarar da ta fisshe ka bara, wato "in na gaji sai in taka", ta yi aiki ne saboda takawa a kan kwalta hutu ce. Takawa a gangaren tsakuwa da cinyar da ta mutu ba hutu ba ce, ita ce wahalar kanta.

Abinci da ruwa ma haka. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. A Legas mutum kan iya daurewa da ruwa da 'yar ayaba har ya ƙarasa. A tseren da zai ci maka yini, dole ka riƙa ci kana tafiya, kamar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, misali dabino 'yan ƙwaya ko ayaba, kuma ciki ma sai an koya masa karɓar abinci ana cikin haki. Ka kuma kiyayi ɗirkar ruwa zalla babu gishiri, domin yana iya tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba mai gudawa yana da amfani a nan.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai karanta wannan ya ji, ko da tseren fili zai yi. Kada a sha ibuprofen ko diclofenac don a danne ciwon ƙafa a ci gaba da gudu. Tsokar da ta yayyage tana zubar da wani sinadari cikin jini wanda ƙoda ce ke tace shi. Ga ƙishirwa, ga wannan nauyin, sannan a ƙara mata maganin da ke rage jinin da ke isa gare ta. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma ruwan baƙin shayi bayan tsere, ko ya daina zuwa gaba ɗaya, asibiti ya nufa a ranar, ba gobe ba. Gangara mai tsawo ga marar sabo tana cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan.

Tseren Buea tun 1973 ake yin sa, kuma mutanen yankin suna girmama shi don sun san abin da yake ci. Sarah Etonge, wadda ta lashe na mata sau bakwai har ake kiranta sarauniyar dutsen, a gindinsa take zaune, a kansa take atisaye. A 2024 kuma wani ɗan tseren Kenya, Charles Kipsang, ya faɗi bayan ya kai ƙarshe, rai ya yi halinsa. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, sai don ka ga irin mutanen da dutsen ke gwadawa.

To me mako shida zai iya yi? Wani abu, amma ba wannan ba. Akwai labari mai daɗi game da gangara: in ka yi ta sau ɗaya da kyau, ka sha ciwon cinyar da ke tsananta a kwana na biyu ko na uku, jiki yakan ɗau darasi, karo na gaba ciwon ya ragu sosai, kuma kariyar tana kai makonni. Saboda haka hawa da sauka a Dala ko Goron Dutse, ko matakalar bene mai tsawo, suna da amfani tun daga makon farko. Amma jijiyoyi da gaɓoɓi ba sa ƙarfi da saurin tsoka, watanni suke so, kuma wanda ya tashi daga kilomita 20 a mako ya ce zai ninka shi uku dare ɗaya, rauni zai samu kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shi kuma Dala, duk albarkarsa, 'yan mintuna ne ka kai samansa. Kafin mutum ya tunkari Fako, kamar yadda mutanen wurin ke kiran ƙololuwar, yana bukatar ranakun da zai yi awa huɗu, biyar, shida a kan ƙafa yana hawa yana sauka, a wuri irin duwatsun Shere na Jos ko tsaunin Mambilla, da takalmin da yake da gurzajjen ƙasa mai kama dutse, wanda ya riga ya saba da ƙafarsa.

In dutsen ne ya shiga ranka, akwai hanyar ganinsa bana ba tare da lambar ɗan tsere a ƙirji ba. Ana hawansa da ɗan jagora da 'yan dako cikin kwana biyu ko uku, a kwana a hanya, jiki ya saba da iskar a hankali, ka ɗauki rigar sanyi da ta ruwa da fitila. Za ka taka hanyar da 'yan tsere ke bi, ka ji da cinyarka abin da nake ta bayani, ka san ko kana son komawa da gudu. Sai dai ka bincika halin tsaro kafin ka yanki tikiti, domin Buea tana yankin masu magana da Ingilishi da ke fama da rikici tun wajen 2016, kuma a tseren 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanya har mutane suka ji rauni.

In kuma tseren ne kake so ko ta halin ƙaƙa, ba shi shekara guda. Ka ƙara gudun mako a hankali, ka sa rana ɗaya ta hawa da sauka kowane mako, ka je Jos ko Gembu da ke tsaunin Mambilla 'yan lokuta ka yi doguwar tafiya, ka gwada gajeren tseren tudu tukuna. Kafin duk wannan ka ga likita ya auna jininka ya duba zuciyarka, musamman in ka haura shekara 35 ko akwai hawan jini a gidanku.