Tsohon ruwan kifi: sokawe ko lambu?

Hajiya, kin ce kina da akwatin gilashi na kifin ado a falo, Alhaji kuma ya kafa tankin tarwada a bayan gida, kina tambaya ko ruwan da ake canzawa gara a juye shi a banɗaki ya tafi sokawe, ko a kai wa shuke-shuke. Ni dai lambu nake kai nawa, amma bari in jera miki su biyun ki gani.

Sokawe bai damu da kashin kifi ba, ƙwayoyin da ke narkar da bahaya a ciki sun saba da abin da ya fi shi. Yawan ruwa ne ke kashe shi. Rami biyu gare shi: na farko an gina shi ne don ruwa ya kwana a ciki, dauɗa mai nauyi ta kwanta, maiƙo ya taso, na tsakiya ya tsiyaya rami na biyu ƙasa ta shanye. Akwatin falo mai lita 100, in kin cire kwata a mako, jarka ɗaya ke nan, sokawe ba zai ma san an yi ba. Tankin Alhaji kuwa, in mai lita 1,000 ne aka sake shi gaba ɗaya, sai ya dama kwantaccen laka ya tura shi rami na biyu ya toshe ƙasar. Ba za ki gane ba sai Agusta, ƙasa ta ƙoshi da ruwan sama, masai ya fara dawo da abin da aka ba shi, a shiga neman motar kwasa.

Wannan ruwan da ya zama kaya a sokawe, a lambu taki ne. Kifi na fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, ƙwayoyin da ke cikin matacin ruwa su juya shi naitiret, abin da muke saye da kuɗi a buhun taki. Ruwan akwatin falo taki ne mai sauƙi, ki zuba kai tsaye. Baƙin guɗajin nan da tiyo ke tsotsowa daga ƙarƙashin tsakuwa shi ne ma ya fi amfani, gindin ayabata nake juye shi. Na tarwada ya fi ƙarfi, ga ƙarni, don haka ki sirka shi da ruwa mai kyau kafin ki ba ƙananan tsiro. Gwanda, zogale da ayaba kuwa sai dai ki gaji. Ki zuba a gindi, kada ya taɓa ganyen latas ko wani abin da ake ci ɗanye, kuma kada ki bari ya kwanta ya zama gidan sauro.

Inda lambu ke faɗuwa shi ne ranar da aka yi wa kifi magani. Masu tarwada kan zuba gishiri in kifi ya yi ciwo, ni kaina na taɓa mantawa na shayar da dashen tumatir da irin wannan ruwan, kwana biyu ganye ya ƙone ta baki. Gishiri taruwa yake a ƙasa, da rani kuma babu ruwan saman da zai wanke shi. In bokiti ɗaya ne, sokawe zai ɗauka. In kuwa ruwan na da fomalin (wani sinadari da ake yi wa kifi magani da shi) ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko sokawen kada ya gani, don zai iya kashe ƙwayoyin da ke masa aiki. Irin wannan a zubar a fegi, nesa da shuka da rijiya.

Ki kuma duba inda lambun yake. In a kan rami na biyu kika yi shuka, duk jarkar da kika zuba sokawen dai kika ƙara wa kaya, ga saiwar itatuwa tana bin danshi ta fasa bulo. Rijiyar gida ma a ba ta tazara, kamar mita 30, domin naitiret ɗin da ayaba ke so yana cutar da jarirai in ya yi yawa a ruwan sha.